Gargaɗi: Naira 915,000 na biya, fasasshen murhun tangaran da aka liƙe da filar gyaran jikin mota aka aiko min

Assalamu alaikum. Yau kwana 11 ke nan ina rubuta wannan magana ina gogewa, kunya ta hana ni sakinta. To yau dai na ce duk abin da za a ce a ce. Naira 915,000 wani mutum ya ci min a kan murhun gashi na tangaran, irin mai siffar ƙwai ɗin nan da ake kira kamado. Naira 915,000, a wannan marra da muke ciki. A ciki har da 250,000 na adashin matata, wanda ta ɗauka ta miƙo min da hannunta, ta ce in cika in saya tunda sana'ar tamu ce gaba ɗaya. Har yau ba ta ce min uffan a kan kuɗin ba, kuma wallahi da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Kafin wani ya ce ai araha ba ta ado, ko me ya kai ka sayen kaya a Instagram, ya saurara tukuna. Ni ba yaro ba ne. Shekara 7 ina gashin kaza da kifi a nan Kano duk Asabar da Lahadi, da rabin ganga na fara, na san gawayi na san wuta. Murhun nan kuma ba a labari na ji shi ba. Da idona na gan shi yana aiki a gidan Yayana a Abuja, Babbar Sallar bara. Nasa kore ne, Big Green Egg, na kamfanin nan na Atlanta ta Amurka da ya fara tun 1974. Tun yanzu in faɗa, kamfanin ba shi da hannu a abin da ya same ni, sunansa kawai aka ara. Yaya ya zuba gawayi sau ɗaya da safe, ya ɗora cinyar rago, ya rufe, ya daidaita ƙofar iska ta ƙasa da ta sama. Allurar ma'aunin zafi ta tsaya a wajen digiri 120, ba ta gusa ba har la'asar. Naman da hannu muka riƙa yagarsa, ga ruwansa a jikinsa, gawayin kuma da sauransa. Na ce Yaya wannan ai tanderun gurasa ne aka yi wa murfi. Kaurin bangon yumɓun shi ke riƙe zafi, iskar da ka bari ta shiga ita ke yanke maka ƙarfin wutar. Asalin abin ma daga Japan ne, kamado a yarensu murhu ke nan. Tun ranar na sa shi a raina, shekara guda ina tari.

Sabo a Amurka ya kai dala 1,000 kafin a yi maganar dako da kwastan, na san ba zan iya ba. Shi ya sa da na ga shafin mutumin nan yana cewa yana shigo da na hannu ta Legas, babba a kan 780,000, ban ga wani abin mamaki ba. Da ya ce 200,000 da na gudu. 780,000 kuɗi ne na hankali, kuma na tabbata da gangan ya sa shi haka.

Na gwada shi. Wallahi na gwada shi. Na tambaye shi faɗin raga, ya ce santimita 46. Na tambaye shi nauyi, ya ce kilo 73, daidai da abin da na karanta. Shi da bakinsa ya ce min Alhaji don Allah kada ka kuskura ka kusanto shi da kananzir ko fetur, tangaran yana shanye wari, duk abin da ka gasa bayan nan sai ya ɗauka. Ya ce kada in wanke cikinsa da ruwa da sabulu, in ya yi maiƙo in cika gawayi in buɗe ƙofofin iska wuta ta cinye dattin, in ya huce in kwashe toka. Ya ce in zafi ya wuce digiri 150 kada in ɗaga murfi gaba ɗaya, in ɗan ɗaga kaɗan in mayar, sau biyu ko uku, don kada wuta ta taso ta lashe min gashin hannu. Ya ce da damina in riƙa rufe shi don kada ya yi fumfuna. Duk gaskiya ne. Na kira Yaya na karanto masa, ya ce wannan ya san kayansa. To ku faɗa min, wa zai ji wannan ya ce ɗan damfara ne?

Sai kiran bidiyon. Shi ne yake hana ni barci. Ina zaune a zaure bayan sallar isha'i, ya kira ni yana cikin wani sito, ga murhun a ƙasa a kan kwali. Ya ƙwanƙwasa murfin da ɗan yatsa ya ce Alhaji ji ƙarar, lafiyayye ne. Yana juya wayar sai na hango wani siririn layi a jikin murhun, daga gefen ƙofar iska ta ƙasa yana hawa sama. Na gan shi. Na ce malam dakata, mene ne wancan? Ko gezau bai yi ba. Ya yi murmushi ya ce ma sha Allah Alhaji kana da ido, wannan tsagar daga kamfani take. Nan take ya buɗe murfin, ya cire raga, ya haska min kaskon wuta na ciki, ga tsaga nan miƙe daga sama har ƙasa. Ya ce da gangan ake yanka ta, don in yumɓu ya ɗau zafi ya buɗa kada ya fashe. Kuma haka ne, na karanta hakan, na Yaya ma yana da ita. Sai na ji har na ɗan ji nauyin na zarge shi. Na ce yi haƙuri malam. Ni na ba shi haƙuri!

Amma layin da na gani ba a kaskon ciki yake ba. A jikin gindin yake, ta waje. Na tambaye shi abu ɗaya ya nuna min wani, ya rufe ƙarya da gaskiya, ni kuma na bi hannunsa da ido. Daƙiƙa nawa ne? Ba su kai 10 ba. Da na ce koma waje ka sake nuna min, da yanzu 915,000 ɗina suna nan. Kullum in na kwanta sai na ji muryarsa, ma sha Allah Alhaji kana da ido.

A daren na tura 400,000. A'a, da safe ne, don sai da na jira matata ta karɓo adashin, ranar Juma'a ke nan. Sunan da ya fito a asusun na mace ne, na tambaya, ya ce na iyalinsa ne, na kamfani ya samu matsala da banki. Wannan ma na san za a ce min ai nan ya kamata ka tsaya. 'Yan kasuwa nawa ne a Kwari da Sabon Gari suke ba ka lambar asusun yaronsu ko ƙaninsu ka tura, kuma kaya su zo lafiya? Kullum muna yi. Bayan kwana 3 ya turo hoton akwatin katako an rubuta sunana da lambata a jiki, na cika 380,000. Sai 45,000 na akwati da kuɗin mota. 400,000 da 380,000 da 45,000, 825,000 ke nan. Ragowar 90,000 ita ce ta fi ƙona min rai, zan zo kanta.

Kuma kaya sun iso, shi ne abin. Da bai aiko komai ba da tun a makon na san an cuce ni. A tasha na ga yara biyu sun ɗaga akwatin ba tare da wani nishi ba, gabana ya ɗan faɗi. A gida na ɗauko tef ɗin ɗinkin matata na auna raga, santimita 38. Na kira shi, ya ce ai ta waje ake aunawa Alhaji. Ba faifan tangaran ɗin da ake sawa tsakanin wuta da nama, wanda in babu shi ba ka isa ka yi doguwar gashi ba, ƙasan nama zai ƙone. Ya ce yaransa ne suka manta, yana tafe. Layin da na gani a bidiyo kuma babu shi, jiki sumul, yana sheƙi. Na ce alhamdu lillahi, ashe inuwa ce.

Ga abin da nake so a ji da kyau, saboda yana nan yana cewa ni na fasa. Gawayin itace zalla na sa, manya, busassu, na tankaɗe garin. Da takarda da ɗan man gyaɗa na kunna. Wuta ta farko da ta biyu ban bari allura ta wuce 170 ba, don an ce a bar gam ɗin ɗamarar bakin murfi ya kama tukuna. Ruwa bai taɓa shi ba, a ƙarƙashin rumfa yake. Amma tun a wuta ta biyu na lura zafi ba ya tsayawa. In tsuke ƙofar ƙasa ta rage kamar kaurin ɗan yatsa, allura ta ci gaba da hawa. Murhun da duk amfaninsa shi ne ka mallaki iskarsa, in iska tana shiga ta wani wuri ai an gama. Na ɗauka hannuna ne bai faɗa ba.

Washegarin Sallah na gayyaci surukaina da abokai biyu da suke min oda. Na ɗora cinya da haƙarƙari, sun sha yaji da tafarnuwa tun dare. Allura tana wajen 200 sai wani wari ya tashi, irin na garejin masu fentin mota. Sai muka ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Tsaga ta buɗe daga gefen ƙofar iska har ƙarfen da ya zagaye bakin, daidai inda na gani a bidiyo, daidai wurin. Koren fentin ya yi bororo yana ɓarewa, wani abu fari-fari yana zubowa daga cikin tsagar. Na zo ɗaga murfi ya ƙi, ya manne. Da muka ɓamɓare shi da wuƙa sai ga ɗamarar ta narke baƙi ƙirin, ashe yankin kafet ne aka liƙa da gam. Naman duk ya ɗau wari, ban yarda kowa ya taɓa ba, zubarwa muka yi. Cinyar ragon layyata. Surukina yana zaune a kan tabarma yana cewa ba komai, Allah ya mayar da alheri, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Maƙwabcina mai gyaran jikin mota ne. Ya kankari farin abin da farce, ya shinshina, ya ce Alhaji wannan ai filarmu ce, an cike an goge an fesa fenti. Ya ce aikin ma bai yi wata ɗaya ba. Ke nan bayan kiran bidiyon aka yi shi. Na nuna wa mai sayar da murhun tsagar da bakina, shi kuma ya je ya rufe ta.

Na kira shi a daren. Da farko ya ce na zuba kananzir. Na ce ban zuba ba. Ya ce to na watsa masa ruwa yana da zafi. Na tura masa hoton filar. Sai ya yi sanyi, ya ce innalillahi, shi ma wanda ya sayar masa ne ya cuce shi, ya rantse da Allah bai sani ba, yana da wani gindin lafiyayye zai ba ni kyauta da faifan da aka manta, in biya kuɗin akwati da mota kawai, 90,000. Na san abin da za ku ce. Amma mutumin da ya riga ya zuba 825,000, aka ce masa 90,000 za ta ceto su, me zai yi? Na yi tunani kwana biyu. Na tura. Ranar Talata na tura, ranar Laraba ya ce an loda, ranar Alhamis wayarsa a kashe, ranar Juma'a ya toshe ni a WhatsApp da Instagram. Ko kuwa Laraba na tura ne, rasit ɗin zai nuna. 915,000 cif.

Ɗan yayata ya sa hotunan shafin a Google ya gano yawancinsu daga shafukan masu sayar da kayan hannu na ƙasashen waje aka kwaso su. Shafin yanzu ya canza suna, amma hotunan su ne, har da na akwatin katakon, an goge sunana kawai. Na je banki na cike takarda, na kai ƙara wajen 'yan sanda, kuma zan rubuta wa EFCC. An ce kada in saki suna da lambar asusu sai an gama bincike, shi ya sa ban sa ba. Amma hotunan hirarmu, rasit guda 4, da bidiyon tsagar da filar duk suna wayata, ina rufe lambobi ne, in sha Allahu gobe zan saka su a nan ku gani da idonku, ku ga ko akwai inda na yi wauta.

Duk mai son wannan murhu, kada ya tura ko sisi sai shi ko ɗan'uwansa ya tsaya a kansa. A cire kayan ciki, a haska fitila a duba gindi da murfi ciki da waje, a auna raga. Tsagar kamfani a kaskon wuta kawai take. In sunan asusu ya saɓa, a fasa.

Ni dai ban yafe ba. Mutumin da ya kira ni ɗan'uwa, ya yi min barka da Sallah da safe alhali ya san abin da ya liƙe ya aiko min. Murhun yana nan a zaure na lulluɓe shi da buhu, 'yan sanda sun ce kada in taɓa shi. In akwai wanda aka taɓa nuna wa koren murhu a cikin sito a kan kwali, aka ce masa tsagar daga kamfani take, don Allah ya yi min magana ta akwatin saƙo, mu haɗa rasit ɗinmu mu kai tare.