Shan dizal da tirelar kwana a baya: gidan man manyan motoci ko na kowa da kowa, I-70 ko I-40

Malam, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai na samu zama. Ka ce ka sayi tirelar kwana mai tsawon ƙafa 40, irin wadda wuyanta ke hawa bayan mota ya zauna kan faranti kamar na manyan tireloli, kana janta da F-350, a-kori-kura ta kamfanin Ford mai shan dizal, za ka kwashi iyali daga Columbus zuwa Las Vegas. Kana so ka san inda ya fi dacewa ka riƙa shan mai, da kuma babbar hanyar da za ka bi, I-70 ko I-40. Allah ya sanya albarka a abin hawa, ya tsare hanya.

Ka fara da gyara bakinka. Mu a gida in ka ce "gas" dizal kake nufi, a nan Amurka kuwa gas fetur ne, kuma in ka faɗa wa mai karɓar kuɗi haka, fetur zai buɗe maka ba tare da ya yi laifin komai ba. Launin hannun famfo ma ba abin dogaro ba ne. A yawancin wurare kore na dizal ne, amma a gidajen BP koren na fetur ne. Karanta rubutun jikin famfo kowane lokaci, ko da ka gaji.

Sai awo. Ka ɗaura tirelar, ka tsaya a wuri mai shimfiɗa, ka hau da tef ka auna daga ƙasa har saman na'urar sanyin da ke kan rufi. Kada ka yarda da lambar da ke cikin takardar kamfani. Irin taka takan wuce ƙafa 13, wasu har 13 da inci 6, wanda shi ne iyakar da yawancin jihohin gabas suka yarda da shi. Rubuta lambar a takarda ka manna gaban sitiyari. Tsawonku kuma, kai da tirela, zai kusa ƙafa 57. Tanki fa? In F-350 ɗinka mai gajeren bodi ce galan 34 take ɗauka, in mai ƙofa huɗu da dogon bodi ce 48. Da wannan nauyi ka ƙaddara mil 9 a galan, in iska na dukan gabanka ya sauka zuwa 7. Ka bar kwata a tanki don ɓacin rana, to abin da ke hannunka mil 230 ne a ƙaramin tanki, 320 a babba.

Yanzu ga su gefe da gefe. Gidajen man manyan motoci su ne irin su Love's, da Pilot da Flying J waɗanda suka haɗe tun 2010, da TA da Petro. Ka zagaya bayan ginin, inda tireloli suke layi. Abin da kake saye a can shi ne fili: ka shiga miƙe, ka fita miƙe, ba ribas, ba kwana mai kaifi, rumfar kuma an gina ta ne don motocin da suka kai ka tsayi. Akwai famfon DEF, ruwan da ke tace hayaƙin injin dizal, a jikin na dizal, ya fi jarkar galan biyu da rabi araha, sai dai ka lura murfinsa shuɗi ne, kuma in ya shiga tankin dizal ka kira mai jan mota kawai, kada ka tada inji.

Amma wurin yana da ladubbansa, kuma ba mai koya maka sai an yi maka ham. Bakin famfon kauri gare shi, yana zuba mai kamar an fasa dam, don an yi shi ne saboda tankunan da ke ɗaukar galan ɗari da wani abu. Riƙe shi da hannu a matakin farko, kada ka maƙale ka tafi, in ba haka ba kumfa za ta taso ta wanke maka takalmi. Allon zai tambaye ka man na kan mota ne ko na injin sanyaya kaya. Zaɓi na kan mota, domin a wasu wuraren ɗayan jan mai ne da ba a biya masa harajin titi ba, kuma tara ce in aka same shi a tankinka. Sau da yawa katin banki na yau da kullum ba ya aiki a wajen, sai ka haddace lambar layinka ka shiga ciki ka biya tukuna. Da ka cika, ja gaba zuwa layin da aka zana a ƙasa kafin ka koma karɓar rasit. Kada ka bar mota a bakin famfo ka tafi alwala ko sayen shayi. Wanda ke bayanka doka ta ba shi awa 11 na tuƙi cikin awa 14, agogonsa na tafiya, kuma da shi yake ci da iyalinsa. Ƙasan wurin kuwa maiƙo ne zalla. Ina ajiye safar hannu da wasu tsofaffin silifas a aljihun ƙofa, tun ranar da na taka dardumar cikin tirela da takalmin da na sha mai, uwargida ta yi kwana biyu tana tuna mini.

Aibinsa na gaskiya biyu ne: layi da tsada. Kana iya zama minti ashirin bayan tireloli biyu, sannan allon farashi lamba biyu yake nunawa, ta tsabar kuɗi da ta kati, ta katin ta fi. Ana rage zafin da katin Open Roads ko manhajar Mudflap, waɗanda ke ba da ragi a layin manyan motoci. Yawancin Flying J kuma suna da layi na musamman a gaba don irin motocinmu, da wurin cika tukunyar iskar girki da wurin zubar da ruwan bayi.

Gidan mai na kowa da kowa, irin su Murphy USA da ke gefen Walmart, da Sam's Club, da Kroger, da Costco a inda suke sayar da dizal, ya fi araha, wannan ba gardama. Matsalar ita ce an zana shi don ƙananan motoci. Dizal yakan kasance a famfo ɗaya na can ƙarshe, kuma kusan kullum za ka tarar da wata ƙaramar mota a gabansa, mai ita ya shige shago. In famfunan suna kwance daidai da titi, akwai dama. In suna fuskantar shago, da motoci a jere a gaban ƙofa, shiga za ka yi ka rasa mafita. Ga gangarar bakin shiga, wadda kan sa gindin tirela ya kwashi kwalta ko wuyanta ya taɓa gefen bodi, tunda tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce inci shida ko bakwai ba. Ga kuma wutsiya: in ka karya kwana, abin da ke bayan tayoyin tirela fita yake yi ta ɗaya gefen, ya sami ƙarfen da ke tsaron famfo.

Ni na koya ne a wani ƙaramin gari a Kansas. Na hango farashi ya yi ƙasa da santi arba'in, na kutsa, na sha maina lafiya lau, sai na ɗaga kai na ga motar kai lemo ta tsaya a hanyar da na yi niyyar fita. Ribas na yi har bakin titi, uwargida na baya da waya a kunne tana cewa hagu, ni kuma ina tambaya hagun wa. Wani dattijo da hular manoma ya tsaya tsakiyar hanya ya tare mana motoci. Kusan minti arba'in. Abin da na tsira da shi bai kai dala goma sha biyu ba.

Ka yi lissafin da kanka. Tafiyarka kusan mil 2,000 ce, wato galan 220 da ɗoriya. A ce bambancin santi 30 ne a galan, duk tafiyar bai kai dala 70 ba. Na'urar sanyi ɗaya da rumfa ta fige, da rufin da ta yaga, sun ninka wannan sau da yawa.

Abin da nake yi shi ne raba musu aiki. In tirela na ɗaure, gidan manyan motoci. Da yamma in mun sauka a sansanin kwana na kwance ta, sai in ɗauki motar ita kaɗai in shiga gari in cika a wurin masu araha. Da safe na tashi da cikakken tanki, kuma da yake da yara ba na wuce mil 300 zuwa 350 a rana, tsayawa ɗaya ke gabana, wani lokacin ma babu. Gidajen man Buc-ee's na tsakani: ba sa barin manyan tireloli su shiga amma suna barin irin tamu, filin na da faɗi, akwai ɗaya a Springfield ta Missouri a kan I-44. Ranar Asabar da rana dai kasuwa ce, ka wuce abinka.

Wajen nemo wurin, manhajar GasBuddy farashi take gaya maka, ba ta san ko za ka iya juyawa ba. Trucker Path ita ke nuna gidajen manyan motoci. Ni tun da dare nake zaɓar wuri ɗaya da na madadi mil talatin kafinsa, in buɗe hoton sama na Google Maps in duba ta ina zan shiga, ta ina zan fita. A nan amfanin Google ya tsaya. Wajen jagora bai san tsayinka ba, kuma da ya ga cunkoso zai ce ga gajeriyar hanya, ya kai ka ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Akwai wata a Durham ta North Carolina da ta yi suna, tsayinta ƙafa 11 da inci 8, aka ɗaga ta zuwa 12 da inci 4 a 2019, har yau tana aske rufin motoci. Na'urar Garmin ta motocin kwana ko manhajar RV Life suna karɓar tsayi da nauyi da tsawo, su zaɓa maka hanya a kansu. Su ma sukan yi kuskure, shi ya sa nake ajiye littafin taswirar direbobin tirela na Rand McNally, mai jerin gajerun gadoji jiha jiha. 'Yan'uwa na Bronx da ke karantawa, ku tuna titunan da sunansu ya ƙare da Parkway a New York an hana tirela hawa. Masu bin I-95 kuma, hanyoyin ƙarƙashin ruwa na Baltimore ba sa karɓar tukunyar iskar girki da ta wuce fam 10.

Sai hanyoyinka biyu. Nisansu kusan ɗaya ne, bambancin bai kai mil 100 ba, don haka ba nisa za ka duba ba.

I-70 ta fi kyan gani nesa ba kusa ba. Har Denver shimfiɗa ce, gidajen mai a wadace. Daga nan kuma sai hawa, har ramin Eisenhower, hanyar da aka huda cikin dutse a sama da ƙafa 11,000 daga matakin teku. Ramin na karɓar tsayi har ƙafa 13 da inci 11, za ka wuce, amma da ka fito gangara ce mai kashi 7 cikin ɗari har Silverthorne, ga hawan dutsen Vail Pass na jiranka a gaba. Wannan gangara da giya da birkin inji ake sauka, tun daga sama, ba da taka birki ba. Duk wanda ya ɗora ƙafa a birki tun farko zai ji ƙauri kafin ya kai rabi. Garuruwan kan dutsen kuma gidajen mansu matsattsu ne masu tsada, gara ka cika kafin Denver, in tankinka babba ne ka daure har Grand Junction. Daga 1 ga Satumba zuwa ƙarshen Mayu dokar taya da sarƙa ta Colorado na aiki a wannan yanki. Sannan a Utah, tsakanin Green River da Salina, sama da mil 100 ne babu famfo ko ɗaya, kuma akwai hawa mai tsawo a ciki, inda mil 9 ɗinka zai koma 6.

Ta kudu kuwa, I-70 za ka bi zuwa St. Louis, ka ɗauki I-44 zuwa Oklahoma City, sai I-40 ta Amarillo da Albuquerque da Flagstaff har Kingman, ka karya US-93 zuwa Las Vegas. Ita ma tana hawa, wajen Flagstaff ƙafa 7,000 ne, amma a hankali take ɗauka. Hanyar 'yan tirela ce, da wuya ka yi awa guda ba ka ga allon ɗaya daga cikin manyan gidajen nan ba. Za ka biya kuɗin hanya a Oklahoma, kuma da yawan gatari ake lissafi, ga iskar gefe daga Texas har New Mexico da ke sa hannu ya yi tsami a sitiyari, ga ramuka a wasu sassan Arizona. Wani garaɓasar kuma, saboda yawan direbobi 'yan Punjab, akwai gidajen abincinsu a bakin I-40, inda za ka ci gurasa da miyar wake da zafinta ba tare da tambayar irin naman da ke ciki ba.

Tunda wannan ce doguwar tafiyarka ta farko da ita, ga iyali a mota, ni I-40 zan bi. Ka bar Colorado sai ka saba da jin nauyinta a gangara, ka je da rani. In kuma maiɗakinka ta riga ta ga hotunan kwazazzabon Glenwood Canyon da ke kan I-70 ta kafe, to ka kwana a Grand Junction, ka tashi da sassafe, ka tsaya a Green River ka cika tanki ko da allura na nuna kashi uku cikin huɗu.