Daga Ingila: kafin ku ce a sayo muku MP

Assalamu alaikum jama'ar gida, da fatan an wuni lafiya, ya iyali.

Duk ɗan Arewan da zai zo hutu daga Landan ko Manchesta ba ya rasa saƙon MP, wato ƙaramar na'urar sauraron sauti ta aljihu, cikin kayansa. Wani na Hajiya yake so, don ta riƙa jin karatun Alƙur'ani ba tare da kiran waya ya katse mata ba. Wani na yaro ne ɗan makarantar kwana da aka hana shi riƙe waya, wani kuma direba ne mai doguwar hanya. Yawancin masu saƙon sun ɗauka tunda daga Ingila abin zai fito, to mai kyau ne. Gaskiyar magana, ƙananan na'urorin kiɗa da bidiyo da ake sayarwa a nan da na kasuwar Farm Centre ta Kano galibi daga Caina suke fitowa, wani lokaci ma jikinsu ɗaya, suna kawai aka sauya. Abin da mai saye a nan ya fi na gida samu shi ne ikon mayar da kaya, shi kuma wannan iko ba ya hawa jirgi ya bi ka gida.

Ga yadda dokar take. A ƙarƙashin dokar kare mai saye ta 2015, idan kaya ya zo da aibi kana da kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka cif. Bayan kwana 30 mai shago yana da damar gyarawa ko musanyawa sau ɗaya, in bai yi ba ka nemi kuɗi. Cikin wata shida na farko doka tana ɗauka cewa da aibin aka sayar maka, mai shago ne zai kawo hujjar cewa kai ka lalata. In ta intanet ka saya, akwai wata doka ta 2013 da ta ba ka kwana 14 daga ranar da kaya ya iso ka ce ka fasa, ko da lafiyarsa ƙalau, sannan wasu kwana 14 na aikawa da shi. Wanda ya biya da katin bashi na banki, kuma kayan ya haura fam 100, bankin ma yana ɗaukar alhaki tare da mai shago. Amma duk wannan tsakanin ka ne da ɗan kasuwa. In daga hannun mutum ka saya, a Facebook ko a kasuwar ranar Lahadi da mutane ke baje tsofaffin kayansu a bayan mota, to dokarka kusan irin ta gida ce: ka gani, ka saya, Allah ya sa albarka.

Saboda haka lokacin saye shi ne rabin aikin. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a saya ana jibi tafiya, a jefa cikin akwati da ledarsa ba a buɗe ba, wai don mai shi ya buɗe da hannunsa. Ranar da aka gano batir ɗin awa biyu yake yi, na'urar tana Gusau, rasit yana Ingila, kuɗin aikowa ya fi kuɗin abin. A saya saura mako uku, a buɗe, a wahalar da ita. Baƙo mai ziyara kuma ya sani cewa tun Janairun 2021 an daina mayar wa matafiya harajin kashi 20 cikin ɗari a filayen jiragen Ingila, farashin da ke jikin kaya shi ne farashinsa.

Kasuwar kanta ta kasu uku. A ƙasa akwai marasa sanannen suna, na fam 20 zuwa 40, waɗanda suka cika Amazon da eBay. A sama akwai na masu kunnen kiɗa, irin su Walkman na Sony da FiiO da HiBy. Samfurin NW-A306 na Sony da ya fito a 2023 ya shigo kasuwa a kusan fam 350, an rubuta masa giga 32, amma manhajar Android ta cinye kusan rabi, abin da ke rage wa mai shi bai wuce giga 18 ba. Kashi na uku shi ne iPod, wanda yanzu sai na hannu, domin Apple ya daina ƙera samfurin Classic a 2014, ya kuma rufe babin iPod gaba ɗaya a Mayun 2022. A manyan shaguna irin su Currys da Argos ɗan abin da ya rage kaɗan ne, waya ta kashe kasuwar.

Masu arhar nan su ne aka fi aikawa gida, su ne kuma suka fi yaudara, don haka bari in tsaya a kansu.

Na farko ma'aji. Akwai na'urori da katunan memori da aka rubuta musu giga 64 ko 128, kwamfuta ma ta nuna hakan, alhali ainihin abin da ke ciki giga 8 ne. An yi wa ƙwaƙwalwar katin dabara ne ta riƙa faɗin ƙarya. Za ka yi ta turawa yana karɓa, sunayen fayiloli duk suna nan reras, amma da an wuce ainihin girmansa abin da aka ƙara ya tafi iska, ko ya hau kan na baya ya goge shi. Alamarsa ita ce surorin farko suna yi, daga tsakiya na'ura ta ce fayil ya lalace. Gwajinsa ɗaya ne: manhajar H2testw, kyauta ce, tana cika katin tam da bayanai sannan ta karanto su ta faɗi nawa ne na gaskiya. Kati mai giga 64 da ke rubutu a mega 10 cikin daƙiƙa zai ci kusan awa biyu kafin a zo karantawa. A bar shi ya gama, gaggawa a nan ita ce asara.

Kuma ba ma buƙatar manyan katunan da ake ruɗin mu da su. Sauti na MP3 a ingancin 128 yana cin kusan mega ɗaya a minti. Makarancin da ke sauke Alƙur'ani cikin awa 30 bai kai giga biyu ba. Kati mai giga 32 zai ɗauki makaranta biyar, da tafsirin azumi guda, da waƙoƙi ɗaruruwa, wuri ya rage. Akwai dalili na biyu na tsayawa a 32: katunan da suka haura nan suna zuwa da tsarin exFAT, ƙananan na'urori da yawa kuwa FAT32 kaɗai suka sani. Sai a sa sabon kati na gaske, na'ura ta ce babu kati, a zagi mai shago a banza. Ana iya sake masa tsari zuwa FAT32, sai dai a tuna a wannan tsarin fayil ɗaya ba ya wuce giga huɗu.

Na biyu bidiyo. Kalmar MP4 da ke jikin kwali sau da yawa sunan na'urar ne kawai, ba ta nufin tana kunna fayil ɗin MP4. Masu fuska inci 1.8 galibi wani tsari suke ci mai suna AMV, hoto 160 a 128, sai an bi kowane fim an juya shi a kwamfuta kafin ya yi, kuma in ya yi ɗin fuskar ɗan wasa ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Mai son kallon fim ɗin Hausa a tafiya, tsohuwar waya marar layi ta fi masa wannan nesa ba kusa ba. Haka wa'azin da aka turo ta WhatsApp a matsayin saƙon murya, tsarinsa Opus ne, yawancin masu arha ba sa gane shi sai an mayar da shi MP3.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da Bature mai rubuta sharhin kaya ba zai taɓa dubawa ba, mu kuwa su ne rayuwarmu. Tafsirin awa ɗaya da rabi, in an kashe na'ura a minti na 50, tana tuna inda aka tsaya ko komawa farko take yi? A gwada wannan kafin komai, a kashe ta gaba ɗaya a kunna. Sai jerin surori: in an sa musu lamba 1, 2, 3, na'urar za ta jera 1, 10, 100, 101, Hajiya ta gama Fatiha ta tsinci kanta a Yunus. A rubuta 001 har 114. Wasu ma ba sa bin suna, suna bin wanda aka fara turawa, to a tura su a jere cikin folda ɗaya. Sunan da aka rubuta da Larabci, ko da haruffanmu masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ, yakan fito akwati-akwati ko alamar tambaya, gara a rubuta da baƙaƙen boko zalla. Rediyon FM kuma wayar iyafis ce eriyarsa, da na Bluetooth ba zai kama komai ba.

Caji ma yana da nasa. Ramin USB-C ya zama ruwan dare, amma wasu masu arha ba a sa musu wasu ƙananan sassa biyu da ke gaya wa caja ta saki wuta ba. In aka sa musu wayar caji mai kan C gaba da baya, shiru kake ji, sai a ce ta mutu. A gwada da waya mai faffaɗan kai irin na da, nan take za ta ɗauka. Filogi dai babu matsala, mai ƙafa uku na Ingila shi ne na Najeriya da Gana, ƙarfin wutar ma ɗaya. Mutanen Maraɗi da Damagaram ne za su nemi kan caja mai ƙafa biyu.

Wani abin da ke ba mutanen gida haushi shi ne ƙarar sauti. Na'urorin da aka yi wa kasuwar Turai, har da Ingila, an ɗaure musu murya don kare kunne: suna tsayawa a ma'aunin ƙara 85, sai ka amsa gargaɗi kafin su haura, ba sa wuce 100, kuma gargaɗin yana dawowa bayan awa 20 na saurare. A ɗaki shiru ya isa har ya yi yawa. Cikin a-daidaita-sahu a Ƙofar Wambai, ko kusa da janareta, sai a ce an kawo mai raunin murya. Ba lalacewa ba ce. Maganinta iyafis mai roba da ke toshe kunne, wanda ya fi ƙure ƙara amfani ko ta ina.

Sai iPod, wanda har yanzu yake da masoya, farashinsa na hannu ma tashi yake yi. Classic yana da faifan ajiya mai juyawa na inci 1.8, shi ne ke fara mutuwa. A kara shi a kunne lokacin da yake tashi, in ana jin ƙas-ƙas yana maimaitawa, ko waƙa tana tsalle da kanta, faifan ya kusa. Masu gyara a nan suna cire shi su sa allon iFlash mai cin katin memori, su sauya batir, na'urar ta yi sauƙi ta kuma daɗe da caji. Samfurin 2005 da 2006 mai fuskar roba yana buɗuwa da sauƙi, na 2007 zuwa sama mai fuskar ƙarfe kuwa sai an yi da gaske, da wuya a buɗe shi bayan bai lanƙwashe ba. Na 2007 da 2008 ba sa ganin abin da ya wuce giga 128 ko me aka sa musu. Babbar matsalarsa a gida ita ce ba a jefa masa waƙa kai tsaye kamar memori, sai ta manhajar iTunes ta Apple, kuma wanda aka tsara a kwamfutar Mac ba zai yi da Windows ba sai an goge shi tas. Waƙoƙin da aka sauke ta rajistar wata-wata ta Apple Music ko Spotify ba sa hawa kansa, a kulle suke. Mai sayen iPod touch kuma ya sa mai shi ya fita daga asusunsa na iCloud a gabansa, in ba haka ba madubi ya saya. Ni dai ban ga dalilin aika wa dattijo iPod ba.

Ta fuskar hidima kuwa gida ya yi wa nan fintinƙau. A Ingila babu shagon da za ka miƙa kati ka ce a zuba maka karatu da waƙa, kowa da kwamfutarsa, kuma ko kwafar faifan CD ɗin da ka saya da kuɗinka doka ba ta halatta ba tun hukuncin wata babbar kotu a 2015, ko da yake ba a bin kowa a kai. Gyara ma haka. Inda mafi ƙarancin albashi ya haura fam 12 a awa, babu mai buɗe na'urar fam 25 ya yi mata liƙin dalma a ramin caji, musanya ake yi ko a kai ta wurin tara shara ta lantarki. Yaron da ke zaune da abin liƙin dalma da gilashin ƙara girma a Farm Centre zai sauya ramin kana tsaye. Shi ya sa na'urar da ta dace da gida ita ce mai maɓallai na gaske, mai ramin kati, mai ramin iyafis na milimita 3.5, wadda bayanta ke buɗuwa da ƙusoshi ba da gam ba.

Abin da zai kashe ta a can shi ne zafi. Apple da kansa ya ce a yi amfani da na'urorinsa tsakanin digiri 0 da 35, Sakkwato kuwa a watan Afrilu tana haura 40 a inuwa, balle gaban mota da rana tsaka. Batir ɗin lithium da ya sha zafi yana cike da caji kumbura yake yi, za a ga bayan na'ura ya ɗaga, ko wani baƙin tabo ya fito a fuska inda yake tokare ta daga ciki. Da an ga haka a daina caji, kada a danna, kada a huda, a kai a cire shi. Ƙurar hunturu kuma tana taruwa a ramin iyafis har kunne ɗaya ya ɗauke, tsinken sakace da haƙuri sun isa, ban da allura.

Gwajin batir kafin tafiya ba wuya: a cika shi, a sa folda ɗaya tana juyawa a rabin ƙara, fuska a kashe, a duba agogo. Wanda aka rubuta wa awa 30 ya yi 20 ya ci jarrabawa, wanda ya mutu a awa biyar a mayar tun kwanakin ba su cika ba. Ranar tafiya a bar cajinsa wajen rabi, a kashe shi gaba ɗaya, a sa a jakar hannu. Fawa-bank da batir na daban kuwa ba a yarda su shiga akwatin da za a auna ba sam, a hannu ake riƙe su. A ɗauki hoton rasit, sannan a kwafi duk abin da ke kan katin a wani kati na biyu, a ba wa wani a gidan ya adana, domin ranar da jika ya danna goge-duka tana nan tafe.