Gargaɗi ga ejan-ejan da masu kago a Makka da Jidda kan masu tallar "taswirar kamfani"

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Makka, Jidda da Madina, musamman masu hidimar alhazai da masu aika kaya gida.

Akwai wasu samari da ke zagaya ofisoshin mutanenmu, tun daga Shara Mansur da Misfala har Bab Sharif a Jidda, suna kuma shiga zaurukan WhatsApp, da tallar abin da suke kira manhajar taswira ta kamfani. Ejan sai su ce masa: "Alhaji, za mu haɗa maka taswira da sunanka da tambarinka, alhajinka ya buɗe ya ga masaukinsa da tantinsa a Mina, kai kuma kana zaune kana ganin inda kowa yake." Mai kago kuma a ce zai riƙa bin direbansa daga sito har tashar jirgin ruwa. Kuɗin dubban riyal ne, a biya sau ɗaya, wai babu kuɗin wata har abada. Ba zan kama suna ba, domin ba mutum ɗaya ba ne, kuma sunan kamfanin da suke fakewa da shi canjawa yake yi. Sana'ata kula da shafukan intanet ce, irin waɗannan taswirorin kuwa sai sun mutu ake kawo mini su, kuma abin da nake tararwa a ciki iri ɗaya ne.

Abin da suke nuna maka a waya ba su suka ƙirƙira shi ba. Bayanan tituna na OpenStreetMap ne, taswirar da Steve Coast ya kafa a Ingila a 2004, wadda masu sa kai a duk duniya ke zanawa, kowa na iya ɗauka kyauta muddin ya ambaci sunanta. Abin da ke sa taswirar ta motsa in ka ja ta da yatsa kuma Leaflet ne, wata 'yar ƙaramar manhaja ta kyauta da ta fito a 2011. Amfani da waɗannan ba laifi ba ne, manyan kamfanoni ma da su suke aiki, kuma wanda ya haɗa maka su da gaskiya ya cancanci ladan guminsa. Cutar tana wurin da suke goge sunan OpenStreetMap daga kusurwar taswirar, su ce maka nasu ne, suna da sabarsu ta musamman, wato kwamfutar da ke ajiye taswirar tana miƙa ta ga wayoyi ta intanet.

Ga yadda abin yake. Taswirar da kake gani ba hoto ɗaya ba ce, ƙananan hotuna ne murabba'ai ake jerawa, kowane fiksel 256 a tsaye da a kwance. Duk matakin da ka ƙara matso da taswirar, yawan hotunan yana ninkuwa huɗu. A mataki na 18, inda ake bambance gida da gida, duniya gaba ɗaya tana cin hotuna sama da biliyan 68. Dole wata kwamfuta ta zana su ko ta ajiye su, ta kuma miƙa wa kowace waya da ta nema. Wannan shi ne ainihin tsadar taswira, kuma shi ne abin da waɗannan mutane ba sa biya. Suna jona shafinka ne kai tsaye da sabar gidauniyar OpenStreetMap, wadda da gudummawar jama'a take tafiya. Ƙa'idarta a rubuce take: ba ta yi alkawarin aiki ga kowa ba, kuma duk wanda ya yi mata nauyi ko ya ɓoye sunanta za ta iya toshe shi ba tare da sanarwa ba. Ranar da aka toshe, alhajinka zai buɗe ya ga fili fari fat da 'yan ɗigo-ɗigon da ke nuna wurare da mutane kawai a kai. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Wasunsu da Google Maps suke yi. Tun 2018 Google ya wajabta wa mai sa taswirarsa a shafi ya mallaki mabuɗi na musamman da asusu mai katin banki. Su kuwa sai su sa mabuɗi ɗaya ga duk waɗanda suka sayar wa, wani lokaci ma na wani shafi suka tsinto. Da an rufe mabuɗin, taswirar sai ta yi duhu, rubutun Turanci ya kwanta a kanta yana cewa ta gwaji ce kawai.

Sai maganar "sabarmu ta musamman". Duk waɗanda na buɗe, masaukin shafi ne na haɗaka, wato wurin ajiye shafin intanet da ake haya tare da wasu a kwamfuta ɗaya, irin na dala uku zuwa biyar a wata, abin da bai kai riyal 20 ba. Irin wannan masauki kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa da mitar wuta ɗaya: kowa da iyakar abin da zai jona, in ka wuce mai gida ya yanke maka. Ya isa ga shafi mai hotunan otal da lambar waya. Bai isa ga wayoyi ɗari biyu da ke aiko da wurinsu kowane 'yan daƙiƙu ba. A ofis, da waya biyu da intanet mai ƙarfi, gwajin tafiya yake sumul, shi ya sa ake biya da murna. Wani abin da ba sa faɗa kuma shi ne, shafin da ake buɗewa a burauza yana daina aiko da wurin mutum da zarar an kulle fuskar waya. Wato ɗigon da kake kallo ka ce Hajiya tana tanti, inda take ne lokacin da ta jefa wayar a jaka.

Wannan ba abin wasa ba ne a ranakun Mina da Arfa. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya da kansu sun ce mutum 1,301 suka rasu, galibinsu marasa tasrihi, wato izinin Hajji, da suka yi doguwar tafiya a rana, zafin Makka kuwa ya haura digiri 51. Ejan da ya ce wa dattijo "Baba, kada ka damu, in ka ɓata buɗe wannan kawai", ya ɗora ran mutum a kan abin da zai iya ɗaukewa a daidai sa'ar da jama'a suka fi cunkushewa.

Bayan nan akwai cuta ta biyu. Adireshin shafin da sunansu suke yi wa rajista, kalmar sirrin masaukin shafin ma a hannunsu take. Shekara na zagayowa, ko ana saura kwanaki Hajji bayan ka buga adireshin a kati da jakunkunan alhazai, sai ga saƙo: sabar ta cika, a kawo kuɗin faɗaɗawa. Wanda ya ƙi, a rufe.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fasfo. Suna sa ejan ya loda hoton fasfo, biza da lambar wayar kowane alhaji, wai don a haɗa shi da ɗigonsa. Taswira ba ta buƙatar fasfon kowa. Na ga inda hotunan ke zube a jaka buɗe, duk wanda ya san adireshin zai sauke. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a Satumban 2023, hukumar SDAIA ke kula da ita, kuma wanda ya tattara bayanan, wato kai ejan, ba ka fita daga alhaki don ka ce wani yaro ne ya haɗa maka.

Taswira mai araha ta gaskiya tana yiwuwa, kada a ce na hana. In buƙatarka nuna masaukai da wuraren haɗuwa ne, ana iya yanko yankin Makka da Madina kaɗai daga bayanan OpenStreetMap, a dunƙule shi a fayil ɗaya irin na PMTiles, a ajiye a masaukin shafi mai sauƙin kuɗi, ba ka jingina da sabar kowa ba. Bin sawun mutane kai tsaye kuwa sai da sabar haya taka ta kanka da manhajar da ake sakawa a waya, kuma da kuɗin wata. Duk wanda ya ce maka babu kuɗin wata, tambaye shi wa ke biyan hayar.

Kafin ka ba da ko riyal ɗaya, ka nemi lambar sijil tijari, wato rajistar kamfani, ka duba ta a shafin ma'aikatar kasuwanci, ka nemi fatura, kada ka tura kuɗi asusun mutum. Ka ce a yi rajistar adireshin shafin da masaukinsa da imel ɗinka, a gabanka. Ka tambaya daga ina hotunan taswirar ke zuwa. In ya fara kame-kame, Alhaji, sallame shi.

Sun san da yawa cikinmu ba sa son zuwa wurin hukuma, wani iƙamarsa ce ke da matsala, wani sana'ar da sunan kafili take, da wannan suke samun ƙarfin gwiwa. Wanda takardunsa ke daidai ya daure ya kai ƙara ta manhajar jami'an tsaro ta Kollona Amn, ko ya kira ma'aikatar kasuwanci a 1900, ya ajiye saƙonni da shaidar tura kuɗi. Wanda ya riga ya loda fasfon alhazai ya nemi a goge su a rubuce, ya sanar da masu su. Alhazan kuma a sauke musu taswirar Makka a Google Maps ko Organic Maps tun suna masauki, don ta yi aiki ko babu intanet, kowa ya rataya katinsa na Nusuk, wato katin shaidar alhaji, a rubuta masa lambar tanti da wayar jagora a takarda.