Myford ML7 ko South Bend mai inci 9: wanne ya fi daɗin gyara?

Mai neman tsohon injin gurzar ƙarfe na hannu, don ya tayar da shi, yakan ci karo da waɗannan biyun. ML7 ɗan Ingila ne, an fara ƙera shi a Beeston, kusa da Nottingham, a 1946. South Bend kuwa daga jihar Indiana ta Amurka ya fito, ya kuma girme shi.

Gadon inji, wato doguwar shimfiɗar ƙarfen da keke mai riƙe wuƙar gurza ke zamewa a kai, shi ne komai. Na Myford shimfiɗaɗɗe ne, don haka in ya cinye kusa da kan injin, inda aka fi aiki, mai injin wasa ƙarfe zai daidaita shi ba wahala. Na South Bend yana da tudu mai siffar V. Wannan na riƙe keken da kyau, ɓarɓashin ƙarfe ma ba ya zama a kai, amma ranar da ya lalace sai an nemo gwani, kuma aikin da tsada. A nan Myford ya ci tuta a wurina.

Sai dai kusoshinsa na tsohon awon Birtaniya ne, irin BSF da BA, samunsu sai an sha yawo. Na South Bend awon Amurka ne, sun fi samuwa. Ramin sandarsa mai juya ƙarfen da ake gurzawa ma ya fi faɗi, kashi uku cikin huɗu na inci, ga nauyi da ke rage girgiza.

Mai ƙananan ayyuka masu son natsuwa ya ɗauki Myford. Wanda ya samu South Bend da lafiyayyen gado kuwa, kada ya tsaya dogon ciniki.