Kafin ka sayi filashar da za ka sauke daga kan kyamara

Muddin filasha tana zaune a kan kyamara, haskenta kai-tsaye yake dukan fuska: goshi na ƙyalli, inuwa ta manne a bango bayan ƙeya. Ka ɗauke ta ka kafa a gefe, ka sa mata lema, nan take fuska ta fito da siffarta. Amma da ta bar kan kyamara, me zai gaya mata lokacin haskawa? Wannan ya kamata ka fara warwarewa, domin abin da ka zaɓa ya riƙa tayar da ita shi zai yanke irin fitilun da za ka iya ƙarawa nan gaba.

Wayar kebul mai haɗa kyamara da filasha ita ce hanya mafi tsufa, ba ruwanta da batir. Matsalarta dai tsawonta ne iyakarka, ga harɗe ƙafa. Ta dace da mai ɗaukar ƙananan abubuwa daf da daf, kyamara a hannu ɗaya filasha a ɗaya.

Sai tayarwa da haske. Filasha da yawa suna da ɗan ido a gaba, da ya hango walƙiyar wata sai ita ma ta haska. Za ka ga S1 da S2 a jikinta. A tsarin TTL, inda kyamara ke auna haske ta zaɓa wa filasha ƙarfi da kanta, kyamara kan saki ɗan haske na gwaji kafin na ainihi. Idan kana S1 filashar za ta bi na gwajin, hoton ya fito kamar ba ta haska ba. S2 ce ke ƙyale na farko ta jira na biyu. A ɗaki babu kowa hanyar tana aiki lafiya lau, ba ka kashe komai ba. A tsakar rana idon ba ya gani sosai, a wurin taro kuwa duk wanda ya danna filasharsa taka ma ta tashi, batir ya ƙare a banza.

Shi ya sa ni rediyo nake ba da shawara, ko da fitila ɗaya za ka fara. Tiriga ce, wato ƙaramar na'ura mai aika wa fitila umarnin haskawa, da kake ɗorawa a mazaunin filasha na kan kyamara, galibi tana aiki a zangon 2.4 GHz, ba sai ta ga fitilar ba. Kamfanin Godox na cewa tasu tana kai mita 100. A fili ke nan, bango da cinkoson jama'a suna rage wannan.

Nan ne ake tafka asara, don kowane kamfani da yarensa. Canon ta fito da nata tsarin rediyo a 2012 da 600EX-RT, Nikon ta biyo da SB-5000 a 2016. Suna da inganci, sai dai tsada, kuma ranar da ka canza kyamara zuwa wani kamfani ka koma farko. Profoto ta manyan situdiyo ce. Abin da ya ja mutane zuwa Godox shi ne tiriga ɗaya, X2T ko XPro, tana sarrafa ƙaramar TT600 da AD200 har zuwa babbar AD600, kuma risiba, mai karɓar umarnin tiriga, na cikin fitilar, babu wani abu da zai riƙa reto a jikin sanda. Ka duba harafin ƙarshen sunan tirigar: C na Canon, N na Nikon, S na Sony, F na Fujifilm, O na Olympus da Panasonic. Kuma duk wadda za ka saya, ta kasance tana ba ka damar ƙara ko rage ƙarfin kowane rukunin fitilu daga kan kyamara. Wanda ya taɓa sauke sanda mai tsawo don danna maɓalli ɗaya, mutane na tsaye suna jiransa, ya san amfanin wannan.

TTL ko ta hannu, wadda kai ke saita ƙarfinta? Idan abin da kake ɗauka ba ya motsi, kaya a kan tebur ko mutum a kujera, ta hannu ta wadatar, ta ma fi: ka sa 1/8 na cikakken ƙarfinta, kowane hoto haskensa ɗaya. TTL tana biyan kuɗinta ne inda tazara ke canzawa kowane lokaci, domin idan nisa ya ninka biyu hasken da ke isa kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai, lissafin ba ya jira.

Mai son ɗauka a rana ya nemi HSS, tsarin da ke barin filasha ta yi aiki da shota mai sauri sosai, a tiriga da fitila duka. Yawancin kyamarori ba sa wuce saurin shota na 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa da filasha, in ka wuce sai baƙin layi ya yanke hoton. HSS na kai ka 1/8000, amma tana cin ƙarfi sosai, ƙaramar filasha a cikin lema ba za ta ja da rana ba. A nan AD200 ko wadda ta fi ta ce magana.

Batun batir gajere ne. A filashar Godox, TT685 tana cin batirin AA huɗu, ana samunsu ko'ina. V860 da V1 na lithium ne, sun fi saurin shiryawa tsakanin hoto da hoto, amma ka tanadi na biyu.

Kafin ka biya, leƙa mazaunin filashar kyamararka. Canon 4000D da 250D ba su da ƙarfen tsakiya, don haka tiriga mai arha da ta dogara da shi ba za ta tashi ba, R50 kuma sai da adafta AD-E1. In kuma an ba ka tsohuwar filasha ta zamanin fim, irin Vivitar 283 ta farko, kada ka ɗora ta kan kyamara ko risiba sai ka auna ta da mita, don wasunsu kan fitar da sama da bolt 200 a ƙafarsu.