Tsohon garin Agadas da gandun Ayar da Tenere: ina suka bambanta?

Malam, ka tambaya ko Agadas ɗin da aka ce UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya ita ce Ayar da Tenere da kake ji ana ambata, tunda duka a jiha ɗaya suke, kuma wanne ya fi cancanta mutum ya je ya gani. Wurare biyu ne daban, kowanne da dalilin shigarsa. Nijar tana da uku a jerin. Na ukun shi ne gandun dajin W da ke kudu maso yamma, wanda ya shiga a 1996, aka haɗe shi da na Benin da Burkina Faso a 2017. Bari mu tsaya a kan biyun da ka tambaya.

Agadas ta shiga a 2013, a rukunin al'adu, wato abin da hannun ɗan Adam ya gina. Ba dukan birnin aka sa ba, tsohon gari ne kawai, mai unguwanni 11 da suka taso a inda Abzinawa suka kafa bukkokinsu tun ƙarni na 15, lokacin da sarautar Abzin ta zauna a wurin. Shi ya sa lungunan suke a karkace. Abin da ido ke fara kamawa shi ne hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, ta laka zalla, faɗi a ƙasa, tana tsukewa har sama. An gina ta wajajen 1515, aka sake gina ta a 1844. Itatuwan da suka fito tsuru-tsuru a jikinta aiki suke yi: suna riƙe ginin, kuma a kansu magina ke takawa idan za a yi yaɓe. Kusa da ita ga fadar Sarkin Abzin, ga gidan da Bature Heinrich Barth ya sauka a 1850. Bahaushe ba ya zama baƙo a nan, don da Hausa ake ciniki a kasuwa, kuma hanyar ayarin da ta haɗa garin da Kano da Katsina da Bilma mai gishiri ta girmi kowace iyakar ƙasa.

Gandun Ayar da Tenere kuwa a rukunin halittar Allah yake, kuma ya riga Agadas shiga da shekara 22, a 1991. Faɗinsa ya kai hekta miliyan 7.7, yana cikin manyan wuraren da aka keɓe a Afirka duka. Yammacinsa duwatsun Ayar ne, gabashinsa tudun rairayin Tenere, kuma inda suka haɗu, kamar Temet da Arakao, rairayi ke taruwa a gindin dutse. Duwatsun suna tare ɗan ruwan da ke sauka, sai kwaruruka su riƙe itatuwa da ciyawar da ba ka zata a tsakiyar Sahara ba. A nan barewa da ragon dutse da jimina suka samu mafaka. An ma ware kusan kashi ɗaya cikin shida na gandun don adaks, farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ke daɗewa ba ta sha ruwa ba.

Babban bambancin a wurina shi ne wanda ke tsaron kowanne. Agadas mutane ke kwana a cikinta. Idan damina ta ci bango, akwai mai gida, akwai magini, akwai fada da za ta kira gayya. Barazanarta sananniya ce: ruwan sama mai ƙarfi da ke zaizaye laka, da siminti da kwano da ke maye gurbin ginin gargajiya. Ba na ganin laifin wanda ya gaji da gyara duk shekara ya sayi buhun siminti, amma duk gidan da aka sauya haka ya rage abin da ya sa aka san garin. Duk da haka hannu na iya maido da ginin laka muddin masu sanin sana'ar suna raye.

Gandun bai yi wannan sa'ar ba. Shekara ɗaya da shigarsa, a 1992, aka sa shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari saboda tawayen da ya ɓarke a arewa, ya kuma shafe shekaru gommai a ciki. Ma'aikatan gandu suka janye, mafarauta masu mota da bindiga suka samu fili. Jiminar Ayar ta ƙare a dawa, ganin adaks a yankin da aka keɓe masa ya zama labari. Daga 2014 kuma haƙar zinariya ta kwararo da mutane da motoci arewacin jihar, ga saran itace don girki da gawayi. Ƙasa mai wannan faɗi, 'yan tsirarun masu gadi ba za su zagaye ta ba, dole sai da makiyaya da manoman lambu na garin Iferwan da ke yankin duwatsun Ayar da kewayensa, waɗanda suka san kowace rijiya. Wannan wurin ne ya fi damuna, don shi ake saurin mantawa da shi.

Batun ziyara, ka fara da Agadas. Daga Damagaram ta Tanut kusan kilomita 450 ne, kuma tsohon garin da ƙafa ake zagaya shi. In ka dace da bikin Biyanu na watan Muharram, za ka ga Agadasawa cikin rawani da ganguna sun cika lunguna. Shiga gandun kuwa yana buƙatar mota mai jure rairayi, jagora ɗan yankin, izinin hukuma, sau da yawa har da rakiyar jami'an tsaro. Kada ka kama hanyarsa sai ka tambayi mutanen Agadas halin da ake ciki a makon da za ka tashi, kuma ka nufi lokacin sanyi, tsakanin Nuwamba da Fabrairu.