Jakar ruwan zafi ko ƙwayoyin kiranberi ga mai ciwon mafitsara?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jiki, Allah Ya kawo sauƙi. A cikin biyun da aka ba ki shawara, jakar ruwan zafi da ƙwayoyin kiranberi (waɗanda ake yi da wani ɗan itace mai tsami), sayi jakar. Kiranberi kuwa ki bar wa mai shi kayansa, tunda likita ya riga ya gaya miki ciwon naki shi ne wanda suke kira IC, wato ciwon mafitsara mai daɗewa wanda ba a ganin ƙwayar cuta a gwajinsa, irin wanda nake fama da shi.

Tawa jakar ta roba ce, ja, mai rigar ulu. Duk dare kafin in kwanta nakan cika fulas in ajiye kusa da gado, don na san halin ciwon nan, tsakar dare yake tada mutum. Mara ta ɗaure, ki ji kamar fitsari zai zubo, ki je bayi ki samu ɗan kaɗan ne, ki dawo ki kwanta, kafin barci ya ɗauke ki ya sake matsowa. A irin wannan daren nakan zuba ruwa a jakar, in ɗora a mara ko tsakanin cinyoyi, in kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. Can sai in ji ɗaurin yana saki a hankali. Ranar da na fara kai wa asuba da tashi ɗaya ko biyu kawai, sai da na yi hawaye a kan sallaya. Da ita nake zuwa biki, da ita nake tafiya ganin gida.

Ba warkarwa take yi ba, har yau ba a samo maganin da ke raba mutum da ciwon gaba ɗaya ba. Abin da ɗumi ke yi shi ne sassauta naman ƙasan mara. Wannan naman yana yawan ɗaurewa ga masu IC saboda daɗewa da jiki ya yi yana kare kansa daga zafi, ɗaurewar kuma ta ƙara wani zafin a kan na mafitsara. Shi ya sa ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta sa gashi da ɗumi ko sanyi cikin matakan farko da mai ciwon zai ɗauka a gida. Wasu matan ma sanyin ya fi karɓarsu, ƙanƙara a cikin tsumma. Ki gwada ki gani.

Sai dai a kula. Kada ki zuba tafasasshen ruwa, bari ya ɗan huce. Ki cika kashi biyu cikin uku, ki matse iskar ta fita kafin ki rufe, ki sa zane tsakaninta da fatarki, minti 15 zuwa 20 ya isa a zama ɗaya. Yawan ɗora zafi a wuri guda yana barin tabo a fata. Mai juna biyu ko mai ciwon suga ta fara tambayar likita. Akwai mai aiki da lantarki, amma da irin wutarmu, ta roba ta fi rufin asiri.

Kiranberi kam na taɓa sayen kwalba guda da tsada, tana nan a durowa ban ƙarasa ba. Ɗan itace ne na Arewacin Amurka, kuma amfanin da aka san shi da shi na mata ne masu yawan kamuwa da ƙwayar cuta a hanyar fitsari, yana hana ƙwayar manne wa bangon mafitsara. To, IC ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba. Ba a ma sa masa wannan suna sai ciwo ya wuce mako 6, an auna fitsari ba a ga komai ba, an kuma kawar da sauran dalilai. Ɗaya daga cikin bayanan da likitoci ke bayarwa shi ne shimfiɗar da ke kare bangon mafitsara daga ciki ta yi rauni, sai abin da ke cikin fitsari ya riƙa taɓa nama kai tsaye, kamar gishiri a kan miki. Kiranberi kuma abu ne mai tsami, ruwansa yana cikin abubuwan da masu ciwon suka fi kuka da su.

Tsamin nan shi za ki sa wa ido har a tukunyarki. Lemon tsami, lemon zaƙi, tumatir, barkono, lemon kwalba, kofi, shayi mai ƙarfi, da goro ma, don shi ma yana da sinadarin kafeyin irin na kofi. Ni zoɓo da kunun tsamiya na sallama su, duk da son da nake musu. Kowa da nasa jikin, saboda haka ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika ci, sau nawa kika yi fitsari, da ranakun al'ada, don ciwon yakan tsananta a lokacin. Likita zai ji daɗin wannan littafin. Kuma kada ki daina shan ruwa don gudun zuwa bayi, fitsari in ya yi kauri ya fi zafi.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa. Da zarar kin ambaci ciwon mara a Facebook ko WhatsApp, za su cika miki waya da “maganin sanyi sadidan, kwana uku ya wanke mara”. Komai a wurinsu sanyi ne. Ba ki san abin da ke cikin jarkar ba, wani ma lambar NAFDAC ɗin da ya manna ta ƙarya ce. Masu cewa a yi matsi ko a zauna cikin ruwan magani su ma ki guje su, wurin da ke ciwo ba ya son ƙarin yaji. Haka mai kemis da zai riƙa miƙo miki antibayotik duk zuwa ba tare da gwaji ba, kuɗi yake ci, jiki kuma yana wahala a banza. Jakar ma akwai ta bogi: kafin ki biya ki lanƙwasa robar ki ga ko tana tsagewa, ki duba zoben murfin, in kin je gida ki fara gwada ta da ruwan sanyi.

Kuɗin kiranberin ki adana shi na komawa asibiti. Akwai magunguna irin su amitriptyline da likita kan rubuta a sha da dare, da gashin ƙashi na musamman don sassauta naman ƙasan mara. In kuma kika ga jini a fitsari, ko zazzaɓi, ko ciwo ya hau kuiɓi, kada ki tsaya gashi, ki tafi ranar. Ki gaya musu in kin taɓa wanka ko wanki a kogi, dam ko fadama, don tsargiya tana da yawa a ƙasarmu, ita ma mafitsara take kamawa, kuma ita tana da magani.